Ranar da Baba ya gyara wa Bature albarushi

Na leƙa garejin maƙwabcina a garin Laurel na Amurka, sai ga Baba tsugune yana zuba garin gawayi cikin gwangwanin albarushin mutane. Kafin in ce wani abu, har ya juya da cokali.

A shekarun tamanin ne, Baba ya zo daga Filato ganin jikoki. Tsohon maharbi ne. Shi kuwa maƙwabcin, Bature ne mai farautar barewa, da kansa yake cika kwanson harsashi da tsohon albarushin soja na gwanjo. Ba sa jin yaren juna, amma kullum suna tare.

Baturen ya fito ya gani, ya dafe kai. Ni na zama tafinta.

Na ce, "Baba, ya ce kun lalata masa gwangwani guda, zubarwa zai yi. Wannan irin dama ba ya hayaƙi."

Baba ya ce, "Ai na gani jiya a wajen gwajin bindiga. Cutarsa aka yi, shi ya sa na taimaka da gawayi, don ya yi hayaƙi."

"Baba, haka aka yi shi da gangan."

Ya dube ni, ya dubi Baturen da tausayi. "To tambaye shi, in ya harbi ɓauna ya kuskure, a bayan me zai ɓuya ya gudu?"

Na fassara. Baturen ya ɗauki gwangwaninsa, ya tafi zubarwa.

Har Baba ya rasu, in an ambaci Amurka cewa yake, "Mutanen kirki, amma ba sa shirin gudu." Ku fa, wane gyara tsohonku ya taɓa yi muku a gidan mutane?