Kaka Effie, na kunna murhun

Ranar Talata, sha tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah ya yi wa kakata Effie Galbraith rasuwa a gidanta da ke Falkirk. Ina bisa rufin gidan aka kira ni, hannuna duk baƙin hayaƙi. Kafin in sauko har kin tafi, Kaka, ba ki ko tsaya mun ƙarasa faɗanmu ba.

Tun da aka binne ki ake yi mini kallon wanda ya hana tsohuwa jin ɗumi. Kawu Lachlan, ɗanki da sai a ga wata biyu bai leƙo ki ba, shi ne ya ce a ƙofar coci: "Da ka kunna mata abin nan ta gani da idonta, me zai ci ka?" Na yi shiru don girman gawarki. Yau zan ba shi amsa.

A farkon lokacin kaka muka ɓamɓare katakon da ya rufe bangon falonki, sai ga murhun jin ɗumin da mahaifinki ya ƙera da hannunsa a masana'antar ƙarfe, da zanen furen ƙaya a goshinsa, tsatsa ta cinye shi. Kika shafa shi kamar fuskar mutum. Na cire shi, na kankare, na goge shi da baƙin mai har ya yi ƙyalli, na mayar da shi mazauninsa, na cike bayansa da kwaɓi. A ranar kika ce a kunna.

"Sai kwaɓin ya bushe, Kaka, sai kuma an gwada bututun hayaƙi."

"Ji ɗan nema. Littattafanka ne suka ce? Ni da aka haifa a gaban wutar nan za ka koya wa hura ta?"

"A gabanta aka haife ki, ni kuwa ba na so ki mutu a gabanta."

Kika jefe ni da silifa.

Ke ce dai kika ja ni ɗakin karatu na gari lokacin da makaranta ta kore ni saboda bakina, kika ce in je in yi wa littattafai rashin kunya. A can na karanta cewa iskar tsohon bututu tana kisa ba tare da wari ba. Da mai sharar bututu ta zo, ta zaro sheƙar tsuntsaye har ta cika guga, ta saka hayaƙin gwaji. Muka hau sama muka tarar yana tsiyaya ta tsagar bango, daidai kan matashin da kike kwana. Ka ji, Kawu? Abin da zai ci ni ke nan.

Kin daɗe kina kallon hayaƙin nan. Sannan kika ce, "To, gyara. Mu bar shi sai Sabuwar Shekara. Kuma bana kai za ka fara shigowa."

Na ɗauka zolaya ce. A garinmu kowa ya san wanda ya fara taka ƙofa a sabuwar shekara, da dunƙulen kwal a hannu, shi ke shigo da sa'ar gida, kuma mai baƙin gashi ake so. Ni kuwa jan kai ne. Tun ina ƙarami kike tsare ni a waje cikin sanyi sai maƙwabcinmu Murdo ya shiga, kina cewa, "Tsaya nan, jan biri, kada ka ɓata mini shekara." Na ce, "Sa'ar fa?" Kika ce, "Na ci tawa. Saura taka."

Wannan gyaran nake yi a kan rufi ranar da kika tafi. Na ƙarasa shi bayan jana'iza, aka sake gwaji, hayaƙi ya miƙe sama sak. Na kafa na'urar da ke ƙara idan iska ta ɓaci, wadda kike kira 'yar gulma.

Da safiyar Sabuwar Shekara na zo da kwal ɗina. Na ƙwanƙwasa, ko da yake mabuɗin na aljihuna. Na jira ki kore ni. Da na gaji da jira na shiga, na hura 'yar ƙaramar wuta, don tsohon ƙarfen da ya daɗe a sanyi tsagewa yake idan aka yi masa gaggawa. Na jawo kujerarki kusa, ni kuma na zauna a ƙasa inda na saba. Furen ƙayan nan ya yi ɗumi, Kaka. Na taɓa shi a madadinki.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya sa inda kike ya fi gaban murhun mahaifinki ɗumi. Ina yi wa 'yarki Inna Shona ta'aziyya, da Murdo da ya rasa aikinsa na shekara-shekara, da dukan dangi. Har da kai, Kawu Lachlan, uwa ka rasa. Wutar tana ci, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba mu haƙuri.

Jikanki, Struan