'Yar da Na Tsallake a Takardar Inshora

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar babbar 'yata Rabi, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Ranar da aka raba mana takardar inshorar lafiya a wurin aiki, nan Daura, murna muka yi kamar an ƙara albashi. Sai da na zauna cikewa na ga gurbin 'ya'ya huɗu ne kawai, ni kuwa biyar Allah Ya ba ni. Na dubi Rabi, shekararta goma sha shida, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Na rubuta ƙannenta na tsallake ta, wai ni mai dabara. Ko uwarta ban gaya wa ba.

Ba a shekara ba taifot ta huda mata hanji. A asibiti aka ce sai an yi aiki, kuma wanda ba shi da kati sai ya biya tukuna. Wani abokin aikina ya ce, "Malam, miƙa katin ƙanwarta Zainab mana. Ai kamarsu ɗaya, wa zai duba?" Wallahi na yarda. Rabi tana kwance tana jin mu, ta ce, "Baba, in na mutu fa? Zainab za a rubuta ta mutu?" Na kasa haɗa ido da ita. Na fasa miƙa katin, na tsaya jiran ranar kasuwar Mai'adua in sayar da saniyarmu, kwana biyu cur. Ko da na dawo, an riga an ja mata zane har ka.

Yanzu ana ta shelar an gyara tsarin, kowa ya shiga. Kwanan baya na iske ƙanena, mai 'ya'ya bakwai, da tasa takardar, yana tambayar matarsa waɗanne cikin yaran suka fi ƙoshin lafiya. Wai har yanzu gurbin huɗu ne, sauran sai a biya musu daban, da albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Da Rabi na nan, na san cewa za ta yi, "Baffa, ciwo yana tambayar wanda aka rubuta ne?" Ni kam na daina sa ran ganin gyara da idona.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Ta dai hana ubanta yin ƙarya a ranar da ƙaryar za ta iya ceton ta. Abin da ya rage a hannuna takarda ce guda daga asibiti, ta shaidar rasuwa, kuma sunanta na gaskiya ne a kai. Allah Ya jiƙanki, Rabi. Ni ne ban rubuta ki ba.