Ƙishirwar Tattasai a Bakin Komadugu

A shekarata ta ƙarshe a sashen noma na jami'a, a Yamai, wajen ƙarshen shekarun 1990, na faɗa hannun malamin da ke koya mana fiziyolojin tsirrai, wato yadda tsiro ke sha, yake numfashi, yake gumi. Mutum ne da zai cika allo da zanen ƴan ƙofofin da ke bayan ganye, yana buɗe su yana rufe su da alli, amma ban taɓa ganin laka a takalminsa ba. Da ya ji ni ɗan Diffa ne sai ya gyara zama. Ya ce aikin kammala karatuna zai kasance a kan yadda tattasai ke jure ƙishirwa. In koma gida in dasa, in raba biyu, rabi in ba shi ruwa yadda aka saba, rabi in hana shi, in riƙa auna tsawo da ganye da ƴaƴa. In babu wannan sakamako babu digiri, kuma tattasai sau ɗaya muke yin sa a shekara, lokacin da kogin Komadugu ke da ruwa. In na rasa wannan karon, sai baɗi.

Babana yana da lambu a bakin kogin. Ya saurare ni har na gama bayani, sannan ya ce, "Wato duk shekarun nan, abin da aka koya maka shi ne yadda ake hana shuka ruwa?"

Na ce, "Ilimi ne, Baba."

Ya ce Allah ya ba da sa'a. Ya yanka mini fangalai na can gefe, waɗanda ke bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kogi. Na kafa sanduna, na ɗaura jan tsumma a kan waɗanda za su sha ƙishirwa, na toshe musu hanyar ruwa da tudun ƙasa.

Kwanakin farko abin ya yi kyau. Da rana ta take sai ganyen ya langaɓe, daidai yadda malam ya zana a allo. A duk kwarin nan ni kaɗai ne nake tsayawa gaban shukar da ta yi yaushi ina murmushi, kuma masu wucewa suna ganina.

Wata safiya na tarar da ƙasar sharkaf. Na ɗauka ruwa ne ya fasa, na ƙara tudun. Kashegari ma haka. Kafin a jima masu jan tsumma suka yi kore shar, suka fi waɗanda nake shayarwa ƙiba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina kallon digirina yana tsiro yana fure ta inda ban so ba.

Rannan da hantsi na yi kamar na tafi gari, na zagayo na laɓe a cikin kaba. Ban daɗe ba sai ga maƙwabcin lambunmu, dattijo sa'an babana, da fartanya. Ya duba hagu ya duba dama kamar mai shirin sata, ya sare tudun ya saki ruwan injinsa na ban ruwa a fangalaina, ya jira suka sha, ya mayar ya shafe sawunsa. Bayansa sai gwaggona da bokiti. Sai wata mai tallar nono da ta wanke ƙwaryarta a kogi, ta juye ruwan a gindin na bakin hanya. Har wani tsoho da ban sani ba ya tsiyaye musu sauran ruwan butarsa. Waɗanda ilimi ya yarje wa ruwa suna jiran lokacinsu, waɗanda ya hana kuwa duk gari ke shayar da su.

Na fito na tari maƙwabcin. Na ce, "Kawu, don Allah ku bari. Da gangan nake yi."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haka ne, Injiniya, da gangan ne. Mun sani."

A lokacin na gane inda aka kwana. A kwarinmu, in ka ga shukar mutum ta yi yaushi ga kogi cike a gabansa, ba ka tambayarsa dalili. Ka san injinsa ya lalace ko fetur ya yanke masa, kuma kunya ta hana shi faɗa. Sai ka taimaka ta inda ba zai gan ka ba, in ya kawo wani uzuri kuma ka gaskata shi da baki. Ni kuwa na kawo uzuri mafi kyau da aka taɓa ji, wai bincike. Duk bayanin da na ƙara a kan ƙofofin ganye, sai su ƙara jinjina kai suna tausayin yaron da ke rufa wa ubansa asiri da Faransanci.

Na kafa allo na rubuta cewa an hana ban ruwa. Da Faransancin na rubuta, don haka aka ɗauka wani furoje ne, irin aikin tallafin ƙungiyoyin waje, ya shigo, aka ƙara kula da shukar kada a ji kunyar baƙi. Ana haka aka wayi gari da jarkar fetur a ƙofar gidanmu, babu wanda ya san mai ajiyewa. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Ya ce mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, yau ɗansa mai karatu ya sa ana yi masa sadaka a ɓoye. Na ji nauyin maganar, amma haushin kowa nake ji, har da tattasan.

Da aka yi tsinka, masu ƙishirwa suka fi ƴaƴa nesa ba kusa ba. Na kai wa malam sakamakon. Da farko har ya miƙe tsaye, yana cewa mun gano abin da zai girgiza masana. Da na gaya masa labarin kawu da gwaggo da mai nono, sai ya koma ya zauna. Ya ce jama'ata sun gurɓata gwaji, in sake. Ruwan Komadugu ya riga ya janye, shekara ta tafi.

Na sake a Yamai, a cikin tukwane, bayan ɗakin gwaji, a bakin hanyar da ɗalibai da malamai ke bi safe da yamma. Ga famfo a kusa. Ban kafa allo ba, ban laɓe ba. Masu jan tsumma suka yi yaushi a kan kari, suka zubar da fure, suka bushe a tsaye, mutane na wucewa suna hira. Sakamakon ya fito tas, aka yaba mini, na samu digirina.

Da na koma Diffa na ba Baba labari, ina jiran ya yi murna. Ya ce, "Duk wucewar mutanen nan, babu wanda ya zuba musu ko kofi ɗaya?"

Na ce babu.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kuma a cikinsu ka zauna shekarun nan, kana ce mana lafiya lau kake?"