Doamna Sorina, wadda ta sauke min kwamfutocin matattu

Kullum da safe Doamna Sorina, wato uwargida Sorina a harshenmu, takan iso da kofinta, ta zauna gaban allo, ba ta gaisawa da kowa sai ta duba abin da ya shiga sito da wanda ya fita. Gobe za ta yi ritaya daga kamfaninmu na jiragen ruwa a Brăila.

Ni Ilarie mai makullin sito ban yi boko ba, amma na ga bayan manajoji masu digiri ba adadi. Rashin yarda da kowa ne ya raya ni. Ranar da aka kawo ta ta tsara rumbun bayanan kwamfutocinmu, na ce 'yar leƙen asiri ce.

A nan, in ma'aikaci ya mutu, sai a mayar da kwamfutarsa kan sunan mai sito, ko tana ina. A lokacin ga masu bincike na tafe daga Bucharest, kuma wanda ya kasa nuna kayan da ke sunansa, kora ce ba fansho.

Ta kira ni da Nea, yadda ake kiran dattijo a nan. "Nea Ilarie, ashe kai ne attajirin garin nan. Duk kwamfutocin matattu naka ne."

"Wa ya aiko ki?"

"Manaja."

"Na sani. Me ya ce ki ɗora min?"

"Tsoho, ɗauko makullanka mu zaga, hararar ta isa."

Muka bi ofis-ofis tana duba lambar bayan kowace na'ura, ni kuma ina duba hannunta. Ta yi jadawalin na'urori daban, na mutane daban, na ɗakuna daban, sannan wanda ya ɗaure su: wa ya karɓa, daga hannun wa. Manaja ya so a bar tsohon tsari, don kwamfutar marigayi akanta, mai lissafin kamfani, tana gidan surukin manajan. Ta ce masa jadawalinta ba ya karɓar na'ura sai da sunan mai riƙe da ita. Washegari kwamfutar ta dawo sito cikin jakar cefane.

Da masu bincike suka nemi abin da ke wuyana, ta juya musu allo. Ƙarƙashin sunana babu komai.

Ke ce mai raba gadon da ba a nema ba, Sorina. Na gode, kuma ni ba na yawan faɗin haka. Matasa ku koya daga gare ta: kada ku rataya wa mai rai kayan mamaci.

Wanda zai gaji kujerarta kuwa, ya sani har yanzu makullin yana hannuna, kuma ina kallonsa.