Malam Maharazu, Wanda Ya Shiga Jirgi Yana Cin Wuta

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Maharazu ya jingine kekensa a jikin dalbejiyar da ke bakin ɗakin shan magani na Illela. Yakan kunna risho, ya ɗora tukunya, ya zuba almakashi da hantsaki a ciki su tafasa. Kafin ruwan ya yi zafi ya share baranda, ya jera benci biyu, ya yayyanka bandeji gwargwadon yadda yake tsammanin jama'a. Ran kasuwa yakan yanka da yawa. Duk wannan da hannun dama yake yi, na hagu tallafi kawai yake bayarwa, don yatsu uku na hannun a manne suke da juna, fatar ta yi sumul kamar an goge ta.

Shekara arba'in ke nan yana wanke ciwo a garin nan. Ƙarshen watan nan na Disambar 1986 zai ajiye aiki. Yawancin masu zama a bencinsa sun ɗauka wutar girki ce ko ta maƙera ta taɓa masa hannu. Ni ma haka na ɗauka, har ran da na zauna da Baba Yari, tsohon abokinsa mai sayar da igiya da tabarmi a kasuwa.

A cewar Baba Yari, tare suka tafi Kano cin rani a shekarar 1942, suna samari. Lokacin ana yaƙin duniya, jiragen soja suna sauka a filin jirgin Kano su sha mai su wuce gabas. Aka ɗauke su aikin kwana-kwana a filin.

"Jiragen ga ba su da tabbas," in ji shi. "Wani taya ta hwashe, wani inji ya ɗau zahi tun a sama. Mu dai muna zaune cikin mota da bokitan rairayi, muna kallon sama. In munka ga hayaƙi baƙi na bin jirgi, kowa ya san aiki ya zo."

Wata rana da hantsi ƙaramin jirgin yaƙi ya sauko a karkace, fiffikensa ya daki ƙasa, ya ja ciki ya tsaya, wuta ta kama ta gaba. Matuƙin yana ciki, murfin gilashin da ke kansa ya ƙi buɗuwa. Ruwan motarsu bai yi wa wutar komai ba. Maharazu ya tsoma bargo a duro, ya lulluɓa, ya hau fiffiken. Ya kama ƙarfen murfin da hannun hagu ya ja, ƙarfen kuwa ya yi jajir. Ya fito da mutumin da rai.

Wata uku Maharazu ya yi a asibitin sojoji yana jinyar ƙunar hannun. A nan, yana kwance, ya riƙa kallon yadda ake wanke ƙuna, yadda ake cire matacciyar fata, yadda ake ɗaure yatsu ɗaya-ɗaya. Da ya samu sauƙi ya fara riƙe wa ma'aikatan kwano, daga nan suka bar shi yana ɗauri. Da yaƙi ya ƙare ya dawo gida da takardar shaida guda da wannan hannun, aka ɗauke shi a ɗakin shan magani.

Wani zai ce rabonsa da jirgi ya ƙare ke nan. Ashe da saura.

Inna Tasalla ta ƙauyen Araba ce ta ba ni ragowar. Na same ta tana tsince wake a faifai, na ce labarin jirgin da ya faɗi na zo ji. Ta ajiye faifan.

Shekarar 1957 ce, ƙarshen damina, gero ya yi kai. Wajen azahar suka ji ƙara daga arewa, ta wajen Ƙonni, ƙara mai yankewa tana dawowa. Jirgin soja ne na Turawan da ke mulkin can tsallaken iyaka. Ya zo ƙasa-ƙasa, ya aske kan wani gawo, ya faɗa gonar mijinta, marigayi Mukhtari. Kafin ka ce me gari ya fashe, maza da mata kowa ya nufi gonar. Ba wanda ya taɓa ganin jirgi a ƙasa. Wasu har sun fara tsintar gutsattsarin ƙarfe.

Ranar Maharazu yana Araba, ya zo duba wani mai gyambo. Ya bi jama'a da kekensa. Da ya matso ya shaƙi warin mai, ya ga hayaƙi siriri yana fita daga ƙarƙashin inji, sai ya yar da keken.

"Ɗana, ban taɓa jin muryatai ta ɗaga ba sai rannan," in ji Inna Tasalla. "Cewa yakai, ku ja baya, ku koma bayan kukar can! Maigidana ya ce mai, kai Maharazu, gonata ce hwa, mi za ka hana ni? Ya kama rigar maigidana ya ce, Mukhtari, akwai harsashi cikin abin ga, in ka tsaya yau Tasalla za ta yi takaba."

Wannan maganar ce ta kori mutane. Suka ja da baya, suna gunaguni. Shi kuma ya karɓi zanen wata mata, ya tsoma a tulun da aka kawo wa manoma ruwa, ya rufe kansa ya nufi jirgin shi kaɗai.

Mutum biyu ne a ciki. Na gaban ya riga ya cika. Na bayan yana da rai, ƙafarsa ta karye, ɗamarar kujera ta riƙe shi. Maharazu ya yanke ta da almakashin aikinsa, ya saɓo shi a kafaɗa, ya ratsa gero da shi. Bai kai kukar ba wuta ta tashi, harsasai suka fara fashewa ta ko'ina kamar ana gasa masara. Rabin gonar ya ƙone. A mutanen Araba ko ƙwarzane ba wanda ya samu.

A gindin kukar ya ɗaure wa sojan ƙafa da karan dawa, ya zuba masa ruwa a inda zafin ƙarfe ya ƙona shi, ya zauna yana yi masa fifita har jandarmomi, 'yan sandan can tsallake, suka iso daga Ƙonni da mota wajen la'asar. Suka ɗauki mai ran da gawar. Ba wanda ya tambayi sunansa. Washegari ya buɗe ɗakin shan magani kamar kullum.

Kai ne, Malam, ka san abin da ke cikin jirgin nan fiye da duk wanda ke tsaye a gonar, kuma kai ne ka shiga. Wanda bai san wuta ba in ya tunkare ta, ana iya cewa ganganci ne. Kai ka san ta, tambarinta na hannunka tun kana saurayi.

Mu da muka taso daga baya ba mu ga jirgi ba. Abin da muka gani shi ne jarkokin fetur. Shekarun nan da aka rufe iyaka, samari da yawa sun koma ratsa daji a babur da jarkokin mai a ɗaure gaba da baya, kuma ba wata da zai wuce ba a kawo wanda wuta ta kama ba. Ban taɓa jin ya tambayi ɗayansu daga ina ko zuwa ina ba. Faɗansa ɗaya ne, kuma da dangin mara lafiya yake yi: "Wa ya shafa mai manja? Ruwan sanyi na ce, ruwan sanyi kawai, sannan ku kawo shi." Yanzu ko a ƙauyukan Gidan Katta mata sun san wannan. Malama Umma, wadda za ta gaji bencinsa, ta ce shekara shida tana gefensa, har yau in zai ɗaye bandeji sai ya gaya wa mai ciwon, "Zai yi zahi kaɗan, riƙe hannuna."

Makon jiya na same shi yana wanke hannu bayan an tashi. Na ce masa na ji labarin Araba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce Tasalla ba ta iya riƙe magana ba. Na ce, "Baba, ka kori kowa, ka san zai fashe. Me ya sa kai ka shiga? Ba ɗan'uwanka ba ne, ko yarensa ba ka ji."

Ya daɗe yana goge yatsunsa da tawul.

"Da na matso na ji shi yana kira," ya ce. "Mama yake cewa, mama. Wanga yare kam kowa na jin shi."

Ya rataye tawul ɗin, ya tambaye ni lafiyar iyalina.

Mun gode, Malam Maharazu. Mutanen Araba da suka kwana a gidajensu ranar sun gode, da 'ya'yan da suka haifa bayan nan, da samarin da suka koma kan baburansu da fatarsu a jikinsu. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya nisanta ka da wutar da ta fi ta duniya. Ku kuma matasan Illela, tsohon nan yana nan da ransa, gidansa na bayan masallacin Juma'a, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku zauna a gabansa ku koya, don ran da wani zai yi kira daga cikin wuta a samu wanda zai amsa.