Jinin Nan Ba Na Girma Ba Ne

"Malam, ai girma ne ya zo masa. Ni ma haka na yi lokacin da nake kamarsa."

Haka Malam Hadi ya ce min jiya a bakin gonarsa, fartanya a kafaɗa. Ɗansa Nafi'u ɗalibina ne a aji shida. Bayan darasin kiwon lafiya yaron ya raɗa min cewa tun farkon damina yake ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A ƙauyenmu ana ɗaukar wannan alamar balaga, har abokai su riƙa yi wa yaro kirari wai ya zama namiji.

Na ce, "Tsargiya ce, Malam Hadi. A kududdufin da yara suke wanka suke ɗaukarta. Ita ke shanye masa jini, shi ya sa yake gyangyaɗi a aji."

Ya yi dariya. "To ga ni nan, ni me ta yi min?"

"Wa na gani kwanaki a layin likita yana dafe da mara?"

Ya juya ya dubi Nafi'u da ke noma a gefe, ya daɗe yana kallonsa.

Yau da safe sai ga shi a kan babur ya nufi asibiti a Ɗambatta, Nafi'u a baya, 'ya'yan ƙaninsa biyu a tsakiya. Ya rage gudu a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, na kwaso sauran mazajen ma, har da babbansu mai tuƙi."

Alhamdu lillahi, yau kam na ci riba. Iyaye, ku a garinku me ake ce wa yaro idan ya ga jinin nan?