Ƙungiyar Kashin Shanu

Shekarun baya, bayan an gama yaƙin basasa mun koma Fatakwal, kuɗin mai ya fara kwarara, kowa ya ɗauka an yi sallama da noma. Jiragen ruwa na sauke shinkafar waje da kajin ƙanƙara, wanda aka gani da fartanya sai a tausaya masa. A daidai lokacin ne ni, mai dogon hange, na zama shugaban ƙungiyar masu lambu.

Mu uku ne a gaba. Ni an ba ni shugabanci ne don ni kaɗai ke iya rubuta wasiƙa da Turanci, ko da yake rabinta kuskure ne. Abokina mahauci ne a unguwar Trans-Amadi, shi ke samo mana kashin shanu daga mayanka mu yi taki. Ta ukun wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ikwerre, 'yan asalin garin, da muke kira Mama. Filin lambun gadonta ne, ita ta san ƙasar, ita ta koya mana yadda ake shuka a garin da ruwan sama ba ya neman izini. Ba riba muke nema ba. Duk macen da ke fama da ciyar da gida, Bahaushiya ko wata, sai a yanka mata ɗan wuri ta shuka yakuwa da alayyafo da kuɓewa da ganyen miyarsu ugu. A unguwa kuwa sunanmu Ƙungiyar Kashin Shanu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani Alhaji mai shigo da shinkafa ya kira ni gefe. Sa'an mahaifina ne, kuma kusan rabin mahautan mayanka shanunsa suke yankawa.

"Ɗana, ka daina zubar mana da mutunci," in ji shi. "Zan ba ƙungiyarku mota da buhunan shinkafa ku riƙa raba wa matan. Filin a yi sito. Ita kuma matar nan a sallame ta, shugabanci ya tsaya tsakaninmu. Jiya-jiya muka gudu daga garin nan, har ka manta?"

Ba zan yi ƙarya ba, motar ta shiga raina. Kwana uku ina ganin kaina a gaban mota, hannu a taga. Abokina ma ya ce in karɓa, shi ya gaji da wari.

Na je na sami Mama tana cire ciyawa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "My pikin, di day ship no come, na motor una go chop?" Ran da jirgi bai zo ba, mota za mu ci?

Mahaifiyata ta fi ta zafi. Tana tsinkar yakuwa ta ce, "Da muka dawo babu ko tukunya, wa ya kawo mana rogo har ƙofa? Alhajin ne? In ka kori matar nan, ka nemi inda za ka riƙa cin tuwo."

Aka kira taro kan maganar, aka cika zauren liman. Alhaji ya maimaita tayinsa, dattawa na gyaɗa kai. Na miƙe na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ba ma so. Filin ba namu ba ne balle mu bayar. Mama kuma ba baƙuwa ba ce a ƙungiyar nan, mu ne baƙinta. In an cire ta a haɗa da ni."

Wani ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji.

Washegari aka hana mu kashin mayanka. Abokina ya ajiye muƙaminsa, ya daina amsa sallamata yadda ya saba. Mata da dama mazansu suka hana su zuwa. Mu da muka rage muka ari baro, muna bin inda ake sauke shanu daga mota muna kwasa da shebur. Ni da ake ce wa shugaba, ni ke tura baron, Mama na bayana tana faɗa wai ban iya tuƙi ba. Haka muka yi damina biyu kafin liman ya sa baki aka sake buɗe mana mayanka.

Alhaji bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, har ya koma ga Allah. Muna gaisawa dai. Ni da abokina mun shirya daga baya, amma bai dawo lambu ba.

Mama ta rasu tuntuni, filin ma jikokinta sun yi gini a kai. Wasu kan ce mini to me na samu? Ban sami komai da zan nuna ba. Na dai san yaran da suka tashi da miyar lambun nan, yau wasu da furfura. Kuma na gane cewa kyautar da aka ce sai ka yar da mutum kafin ka karɓa, ciniki ce. Da za a sake tara zauren nan yau, abin da zan canza ɗaya ne: ba zan ɓata kwana uku ina mafarkin mota ba.